Saƙo Arba'in da Uku a Jakar Kawu Manu

Sallama gare ku, masu bibiyar labarin nan. Wata a cikinku ta rubuto mini cewa ni mace ce marar zuciya, wai ana maganar aurena amma ina ba da labari kamar mai karanta sanarwa a rediyo. 'Yar'uwa, ban ji haushinki ba. A lokacin da nake ba ku labarinsa da ma haka nake, ba na jin haushi, ba na jin daɗi, ba na jin komai.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Saude, gidanmu yana Tudun Wada a Gusau. Shekarata ashirin da shida a lokacin, sana'ata kuma sayar da mayafai da atamfa ta WhatsApp. In ɗora hoto, mata ashirin su tambaye ni "nawa?", sha tara su ɓace.

Yayana Haliru ya rasu a hanyar Tsafe, 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta yana dawowa daga Funtuwa. Kwana uku na yi ina kuka, a na huɗu sai wani abu ya rufe a ƙirjina, bai sake buɗewa ba. Ina cin abinci, ina salla, ina amsa gaisuwa, har dariya ina yi idan na ga kowa yana yi. Amma ko miya ba gishiri sai wani ya faɗa nake sani.

Lukuman abokin Yaya Haliru ne, ɗan 'Yandoto, yana da shagon waya a Kaduna. Ya zo ta'aziyya, ya dawo sadakar arba'in, ya sake dawowa ba dalili, daga nan kowa ya gane dalilin. Toshin farko da ya kawo mini waya ce sabuwa fil a kwalinta, mai ido uku a baya. Ya zauna a zaure ya fi awa yana cika mini ita da manhajoji: ta lokutan salla, ta gyaran hoto don mayafaina su fito, har da wata mai ƙirga takun ƙafa.

"Wannan kuma ta mece ce?" na tambaye shi.

"Don ki san tafiyar da kika yi a yini."

"Daga ɗaki zuwa madafa?"

"To ai shi ma tafiya ce," ya ce, yana dariya shi kaɗai. Haka yake. Mutum ne da in ya ga an fito da sabuwar manhaja jikinsa har rawa yake, kuma bai taɓa ganin waya a hannun wani ya ƙyale ta ba tare da ya ce tana buƙatar sabuntawa ba.

Inna ba ta tilasta mini ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da ta yi ya fi tilas nauyi. Wata ranar Juma'a ina ninke mayafai ta zauna a bakin gadona, tana murza gefen zanenta.

"Saude, gidan ga ya shekara ba a yi guɗa ba. Mi kika jira? Yaron ga ya san mu, ya san wanda munka rasa. Ki bar ni in ga abin farin ciki guda kahin in bi ɗan'uwanki."

Na ce to. Kamar yadda zan ce to idan ta aike ni sayen magi. Aka kawo kuɗin gaisuwa, aka raba goro da alawa, saura magabatansa su zo wurin Baba a sa rana. Kullum bayan la'asar, ƙarfe huɗu da rabi, Lukuman zai kira. Ni kuma in koma bakin tagar ɗakina inda sabis ya fi ƙarfi, in jingina, ya yi ta zuba. Labarin kwastoman da ya wanke wayarsa da omo, labarin wayar da ake naɗewa kamar tabarma. Nawa "uhm" ne da "Allah sarki".

Sai farkon Satumbar 2021 aka kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya, saboda matsalar tsaro.

Wanda bai zauna cikin abin ba ba zai gane ba. Ka ga babban mutum da babbar riga ya ɗaga waya sama yana zagaye tsakar gida, ya san sarai babu, amma hannu ya saba. Kowa ya bar datarsa a kunne, ko Allah zai sa a wayi gari an saki. Samari suka koma tura wa juna fina-finai da waƙoƙi ta Xender a bakin titi, waya kusa da waya kamar masu ɗebo wuta daga murhun maƙwabta. Cinikina ya tsaya cak. Mayafai suka zauna a leda suna kallona ina kallonsu.

Wanda ke da magana ta dole sai ya tafi Funtuwa, don can Katsina ce, akwai sabis. Wanda ba zai iya tafiya ba sai ya aika wayarsa. Kawu Manu, ƙanen Inna, direba ne a wannan layin, kuma cikin mako guda ya zama mutumin da ya fi kowa daraja a unguwarmu. Yana da wata baƙar jaka ta 'yan makaranta. Kowa zai rubuta saƙonsa a gida, ya danna turawa, ya ƙulle wayar a leda, ya manna takarda da sunansa, ya jefa a jakar. In Kawu ya isa Funtuwa sai ya buɗe jakar a kan kujerar mota, ya sayi shayi.

"Wallahi awa kaji sunka ga tsaba," in ji shi. "Wagga ta yi ƙara, waccan ta yi ƙara, dut su ruɗe. In ba su awa guda su gama koke-kokensu, in rufe jaka mu juyo."

Saboda ƙarancin mai, Laraba da Lahadi kawai yake zuwa, kuma ba ya yarda la'asar ta same shi bai wuce Tsafe ba. Ni ban taɓa ba shi tawa ba. Inna ta yi magana sau biyu, na ce babu caji, na ce Lukuman ya san halin da ake ciki. Zuwa da kaina kuwa babu shi a lissafi, don tun ranar da aka kawo gawar Yaya, Inna ta rantse babu ɗan da ta haifa da zai sake taka hanyar nan tana raye.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya.

A kwana na uku da kashe sabis na buɗe shafin Lukuman a WhatsApp. Ga hotonsa a sama, da hularsa zanna ta karkace, yana murmushin nan nasa mai nuna duk haƙora. Na rubuta: "Ba na sonka." Na danna. Ɗan agogon nan ya fito a gefen saƙon, alamar bai tafi ba, kuma ba inda za shi. Na daɗe ina kallonsa. Na faɗi magana a gaban mutum, kuma bai ji ba. Rabon da in ji sauƙi irin wannan tun Yaya yana da rai.

Daga ranar ya zama mini abin yi. In gama shara in rubuta. In sauke tukunya in rubuta.

"Ba laifinka ba ne. Ko Inna ban san ko ina sonta ba yanzu."

"Na amsa ne don ta daina kallon ƙofa."

"In kana magana a waya ƙirga ramukan labule nake yi. Guda sittin da biyu ne."

"Duk lokacin da na gan ka sai in tuna kai kana da rai shi ba ya da shi."

Wannan na ƙarshen ko ni da na rubuta sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida.

Wadda ta sani ita ce Dibora, maƙwabciyarmu, 'yar Malam Istifanus na ma'aikatar ruwa. Tare muka tashi, ita ke mini kitso tun muna firamare, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta zo karɓar fim ta leƙa ta gani.

"Ke Saude! Kanki ɗaya? Akwai wurin rubuta abu a wayar nan da ba ya zuwa ko'ina. Ki rubuta a can mana."

"In na rubuta a can da kaina nake magana. A nan da shi nake."

"Ranar da aka saki sabis kina barci fa?"

"Za a sanar a rediyo. Kafin nan na goge."

"Allah ya sa," ta ce, ta ja tsaki. "Ni dai na faɗa."

Aka ce mako biyu ne, mako biyu ya wuce aka ƙara. Saƙonni suka taru har arba'in da uku, kowanne da ɗan agogonsa.

Ranar wata Talata, kwana sha takwas da kashewa, Dibora ta shigo da yamma ta same ni a ɗaki. An yi ruwa an ɗauke, kwana biyu babu wuta, wayata saura kaɗan ta mutu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, hannu a ƙugu.

"Me kike yi a nan?"

"Ba komai."

"Ƙarfe nawa?"

Na duba. Huɗu da rabi.

"Jiya ma nan na same ki. Shekaranjiya ma. Kullum war haka kina jingine da tagar nan da waya a hannu, kamar wadda aka dasa. Wa kike jira, tunda ba kya son kowa?"

Wallahi ban sani ba sai da ta faɗa. Ƙafafuna ne ke kawo ni. Kwana sha takwas ina zuwa inda yake kirana, a lokacin da yake kirana, ina rubuta masa cewa ba na sonsa.

Da ta fita ban iya rubutu ba, yatsuna sun ƙi. Sai na danna wurin saƙon murya. Minti shida na yi ina magana, ni da ban taɓa haɗa masa jimla uku a jere ba. Na ce masa ban san sunan abin da nake ji ba, kuma ba zan yi masa ƙaryar cewa so ne irin na fim ba. Na ce amma yamma ta yi mini tsawo. Na ce ina son in ji ƙarshen labarin mutumin da ya wanke waya da omo, don ranar ban saurara ba. Na ce ya yi haƙuri da ni, ya jira ni, ina jin kamar ina hanya. Na saki, saƙon ya tsaya yana juyawa. Na ce bari in koma sama in goge arba'in da ukun nan, in bar wannan kaɗai. Ina taɓa na farko wayar ta yi duhu.

Na ce ba komai, gobe.

Laraba da safe wajen ƙarfe bakwai aka kawo wuta. Unguwa ta ɗauki ihun yara. Na jona wayar, na kunna ta, na bar ta a kan durowa ta ɗan sha caji, na zura hijabina ruwan toka na shiga gidan su Dibora ta ƙarasa mini kitson da muka fara. Kitson shuku ne ƙanana, ya ci kusan awa biyu. Ina zaune a tsakanin gwiwoyinta tana ja mini gashi tana ba ni labarin wata 'yar cocinsu, har na ji kaina ya yi sauƙi.

Na dawo na tarar da caja tana lilo a jikin bango.

"Inna, ina wayata?"

Tana tankaɗen garin masara, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na ba Manu. Ya biyo da jakarshi, na ga ta sha wuta, na ƙulle ta a leda na ba shi."

"Inna."

"Mi? Kwana nawa ina hwaɗa maki? Mutanen ga ba mu san ranar da za su zo ba. Sai su yi muna sallama ba mu da ko ruwan ba su? Babanki na tambaya, gwaggonninki na Bungudu na tambaya. Ke kin zauna awa ba aurenki ba. Halan yaron ya yi ta aiko da saƙo yana can yana jiran amsa."

"Tun yaushe ya tafi?"

"Ya kai awa guda. Yanzu ya wuce Kwatarkwashi."

Za ku so in ce na yanke jiki na faɗi, ko na fita a guje ba takalmi. Ban yi ba. Wa zan kira, da me? Na tsaya ina kallon garin da ke zuba daga rariya. Daga nan na ɗauki kwanukan karin kumallo na kai bakin rijiya na wanke su tas, har da tukunyar da ba a yi amfani da ita ba. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Wajen sha ɗaya na ce a raina, yanzu ya buɗe jaka. Yanzu ya karɓi shayinsa. Yanzu na farko ya tafi.

Abu ɗaya na riƙe. Na ce ai saƙon muryar shi ne na ƙarshe. Zai karanta masu ɗacin, ransa ya ɓaci, sannan ya gangaro ƙasa ya ji muryata. Lukuman mai haƙuri ne, zai kai ƙarshe. Da wannan na yi azahar, da shi na ci tuwon da ban san ɗanɗanonsa ba.

Dibora ta leƙo, na gaya mata a tsaye. Ta dafe ƙirji ta ce "Yesu!", sannan ta zauna a bakin gadona. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, kuma har yau ina ganin girmanta saboda wannan.

Kawu Manu ya iso ana kiran la'asar. Kafin ya kashe mota mutane sun kewaye shi a ƙofar gidanmu. Ya tsaya yana ɗaga leda ɗaya-ɗaya yana kiran suna kamar mai rabon takardun jarrabawa. Wata ta karɓa ta fashe da dariya, an yi wa ƙanwarta haihuwa a Kano. Wani dattijo ya karɓa ya karanta ya ce innalillahi, ya juya ya tafi.

"Amarya!" Kawu ya miƙo mini tawa. "Taki ta hi ta kowa surutu. Tun da na buɗe jaka taka ƙugi. Wanga yaro ya matsu, a yi a sa ranar ga mu huta."

Na karɓa na shige ɗaki, na sa sakata. Na kwance ledar, na ninke ta, na ajiye. Saƙonnin kwastomomi sun fi ɗari, ban kalle su ba.

Na buɗe shafinsa.

Agogunan nan duk sun tafi. A gefen kowane saƙo alama biyu ce shuɗiya, ya shiga kuma an karanta. Na ja ƙasa, na ja ƙasa, shuɗi, shuɗi, shuɗi. A tsakaninsu ga nasa da ya yi ta turowa tun ranar da aka kashe sabis, sai yau suka shigo. "Gimbiya, ya gari?" "Na san ba za ki gani ba, amma huɗu da rabi ta yi." "Yau na ga wani mayafi ruwan zuma na tuna ki." Kullum ɗaya, bai tsallake rana ba.

Na isa kan saƙon muryata. Babu shuɗi, babu ma alamar ya tafi. Wata 'yar kibiya ce a jikinsa tana kallon sama. Rubutu yana tafiya da kansa in ya samu sabis, amma murya in ta gaji da juyawa ta tsaya, sai an sa yatsa an taɓa ta. Lukuman da kansa ya taɓa koya mini wannan a zaure, ina ce masa uhm. Babu wanda ya taɓa ta a Funtuwa. Tana cikin leda.

A ƙasanta akwai saƙo ɗaya daga gare shi, ƙarfe sha biyu saura minti takwas.

"Saude, na karanta duka, sau biyu. Ban san nauyin da na ɗora miki ke nan ba, ki yafe mini. Haliru ba zai yafe mini ba in na aure ki a haka. Juma'a zan biyo ta gida, Asabar su Baffa za su zo wurin Baba su janye maganar. Zan ce daga wajena ne, babu wanda zai ji sunanki a ciki. Wayar taki ce, don Allah kada ki mayar."

Na karanta. Na sa yatsa na taɓa 'yar kibiyar. Ta yi juyi ɗaya, biyu, ta dawo yadda take. Na sake taɓawa. Na je bakin taga na ɗaga wayar sama kamar mutanen da nake yi wa dariya, na sake taɓawa. Yau Laraba. Kawu ba zai koma ba sai Lahadi.

Tsoro ne ya fara zuwa. Na ji shi sarai, yadda ake jin ƙafa in ta yi sanyi ta fara dawowa. Shekara guda ina jiran in ji wani abu, ga shi ya zo, kuma ba ni da inda zan kai shi.

Inna ta buga ƙofa. "Saude, buɗe mana. Ke da waya kun shige ɗaka kun bar ni tsaye."

Na buɗe. Ta shigo tana goge hannu da zane, idonta a kan wayar. Inna ba ta karatun boko, duk wata takarda a gidan nan ni ke karanta mata tun bayan Yaya. Ta zauna a inda ta zauna ranar da ta roƙe ni, ta matso har ina jin ƙamshin daddawa a hannunta.

"To, mi ya ce? Karanta mani."

Na kalli rubutun. Na kalle ta.

"Ya ce su Baffansa za su zo ranar Asabar."

"Wagga Asabar?"

"Ita."

Inna ta miƙe. Ta ɗaga hannu biyu sama, bakinta yana motsi, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta fita tsakar gida ta sa hannu a hanci ta rangaɗa guɗa, doguwa, har muryarta ta karye a tsakiya ta sake ɗauka. Na ji ƙofofin maƙwabta suna buɗewa.

"Manu!" take kira. "Manu, kak ka tahi! Gobe da sahe ka kai ni Bungudu in hwaɗa ma gwaggonninta da bakina. Kuma ka nemo muna kaji huɗu, manya!"